Kamu Biyu a Jelar Riga

Ranar da Sidonie von Ellrode ta fara zuwa fadar Falkenrode, ƙofa ce ta riƙe ta. Bujenta, da aka ɗaura a kan baka na ƙashin kifi, ya fi ƙofar faɗi, ya maƙale dama da hagu.

"A karkace ake shiga, ranki ya daɗe," in ji hafsan da ke gadi. "Kamar ƙaguwa."

"Kai ne malamin ƙaguwar fada?"

"Laftana Lebrecht Tuchner. Darasin kyauta ne."

Ta wuce a karkace, ba ta yi dariya ba sai da ta sha kwana.

Kafin ƙanƙara ta narke, wasiƙu na kai da komo tsakaninsu a kwandon mai wanki. Ɗaya ta ce: "Sido tawa, yau na tsaya awa shida a ƙofa, mata arba'in sun wuce, ban ga kowa ba." Ta amsa: "Ɗan tela, ka rage ƙarya. Gobe zan bi ta matakalar lambu."

Mahaifinta, Baron von Ellrode, tsohon kanar ne mai gajeriyar magana. Da aka kai masa maganar aurenta da Lebrecht, ya ce:

"Jikan mai sayar da yadi? Takobin da ke ƙugunsa bai shekara ashirin a gidansu ba. Ina raye, a'a."

Hanya ɗaya ta rage. Budurwar da Sarauniya ta karɓa cikin 'yan matan ɗakinta, Sarauniya ke aurar da ita, uba sai dai ya ce amin. Amma sau ɗaya ake gabatar da mace, kuma rigar ranar tana da doka. Jelar da ke jan ƙasa a baya, ta Sarauniya kamu tara ce, ta gimbiyoyi bakwai, ta matan manyan fada biyar, ta 'yar Baron uku. Bara wata ta zarce da taƙi ɗaya. Sarauniya ta juya fuska ga taga, tun daga nan ba a sake ganin matar a fada ba.

Philippine, 'yar kawun Sidonie, ita ta ara mata jela ta siliki mai zaren azurfa. Sidonie ta san Philippine ta yi rawa da Lebrecht sau biyu a hunturun nan, ba ta ɗauke shi komai ba.

"Kada ki warware ta, za ta yamutse," in ji Philippine, tana naɗe mata ita a hannu. "Sai a bakin zaure."

Ranar gabatarwa, ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka kira sunanta. Rigar ciki ta matse ta har numfashi sai rabi-rabi. Masu hidima biyu suka karɓi jelar suka shimfiɗa a bayanta. Lebrecht na tsaye a gefen ƙofa. Ta ga idonsa ya sauka ƙasa, ya daɗe can, fuskarsa ta canja.

Ta ɗaga ƙafa. Wani abu ya fizge ta ta baya, sai ƙarar yagewar siliki ta cika zauren.

Ƙaimin Lebrecht ne. Ya taka jelar, ya murɗa, a gaban mutum ɗari biyu.

Ba ta waiwaya ba. Ta tafi da ragowar tana zubar da zare, ta rusuna sau uku, ta sumbaci gefen rigar Sarauniya, ta ja da baya har ƙofa. Sarauniya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Kafin azahar an karɓe takobin Lebrecht, an kulle shi, an ce jibi za a tura shi bakin iyaka.

"Na faɗa miki," in ji Baron.

Philippine ta riƙe mata hannu. "Ƙanwata, kar ki yi kuka. Namiji in ya fasa, ba ya faɗa da baki."

Sidonie ta rubuta masa layi ɗaya: "Da ka ce ka gaji, da na sake ka ba tare da mutum ɗari biyu sun shaida ba."

Amsa ta zo washegari da safe. "Sido tawa, ki auna. Bayan nan ki ƙone wannan, ki yi shiru. Iyaka ba lahira ba ce."

Ta shimfiɗa rigar a teburin cin abinci, ta ɗauko sandar awo. Abin da ya rage a jiki kamu uku ne cif, ga tsohuwar kalmasarsa. Guntun da masu hidima suka maido kamu biyu, an ɗinka shi da sabon zare. Ashe da jelar matan manya za ta shiga gaban Sarauniya.

Baron ya karɓi sandar ya auna da kansa, sau biyu.

"Me ya hana shi faɗa musu?"

"In ya faɗa, Baba, gidanmu ne ya kawo kamu biyar ƙofar Sarauniya."

"To in kin faɗa fa?"

"Haka ɗin ne."

Ya daɗe yana kallon siliki. "Ɗauko mayafinki."

Sarauniya ta gan su a ƙaramin ɗakinta, tana shan cakulan. Sidonie ta durƙusa, ta ajiye guntun da sandar, ta faɗi abin da ya faru a jimla huɗu.

"Kin san abin da kike ɗora wa kanki?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Wa ya ba ki jelar?"

"Aro ce. Laifina ne da ban auna ba."

Sarauniya ta murza silikin da yatsu biyu. "Na san yadin nan. Na san wadda ta sa shi bara, 'yar kawunki." Ta ajiye kofi. "A kawo laftanan."

Aka shigo da shi ba takobi, da gemun kwana biyu.

"Da me ka auna?"

"Da ido, ranki ya daɗe. Gadon gida ne."

"Ka san hukuncin ɓata taron gabatarwa?"

"Na sani. Lokacin da nake da shi taku ɗaya ne."

Agogon bango ya buga rabin awa.

"Kamu uku ne suka shigo zaurena," in ji Sarauniya. "Abin da ya tsaya a ƙofa ba nawa ba ne. Yarinyar ta zama tawa. Baron, kana da magana?"

Baron ya gyara tsayuwa. "Na yi shekara talatin a soja, ranki ya daɗe. Ban ga hafsa uku da za su yi abin da ya yi ba."

A makon nan Philippine ta tafi ƙauye shan iska. Ba a faɗi ranar dawowarta ba.

An ɗaura auren a cocin fada ranar Talata ta biyu a watan Mayu. Da aka fito, Lebrecht ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Har yanzu kina fushi, Sido?"

"Da saura. Zan riƙa cirewa kaɗan-kaɗan."

"Shekara nawa?"

"Hamsin, in ka yi hankali."

Baron ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Ɗana, na ba ka ita da hannuna, ba don an sa ni ba. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka."

Jama'a suka ce amin, ƙararrawar coci ta ɗauka.