Kwantiragin Bahago

"Ki dube ni ki faɗa min gaskiya, nawa ake bin kulob ɗin nan?"

Bahago ne tsaye a ƙofar ofishina, gumin atisaye bai ma bushe a jikinsa ba. Na rufe littafin lissafi na danne shi da hannu.

"Ba huruminka ba ne. Kai aikinka cin ƙwallo."

"Matar da zan aura ta rame cikin wata biyu, ki ce ba hurumina ba ne?"

Na kau da kai don kada ya ga idona.

Ni ce akawun kulob ɗin, Babana kuma shi ne koci. Shi ya kafa shi shekara ashirin da suka wuce, da yaran unguwa da ƙwallo ɗaya. Shi ya tsinto Bahago yana ɗan shekara goma sha ɗaya, yana buga ƙwallo da ƙafar hagu babu takalmi. Yanzu duk rukuninmu babu ɗan gaba kamarsa, kuma saura wata huɗu aurenmu.

Kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu ya janye. 'Yan wasa sun yi wata biyar babu albashi. Hukumar ƙwallo ta ba mu kwana talatin, ko mu biya ko ta kore mu daga gasar. Abin da ni kaɗai na sani shi ne Baba ya jinginar da gidanmu a banki, ya kuma sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba.

Bahago ya ja kujera ya zauna. "Wani babban kulob na ƙasar waje yana nemana. Dillalina ya ce in jira wata uku kwantiragina ya ƙare, in tafi a kyauta, kuɗin sa hannu duk su shiga aljihuna. In kuwa aka sayar da ni yanzu, kulob ne zai karɓa, ni sai ɗan kaso. Me kika gani, Akawuna?"

Kalma ɗaya daga bakina za ta ceci gidanmu. Sai dai na san ɗakin Innarsa, na san bokitan da take jerawa saboda yoyo in ana ruwa. Na san ƙannensa mata uku da ke makaranta, kuma babu uba sai shi.

"Ka jira wata ukun," na ce.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Inna ta sha wuya, lokacin hutunta ya yi."

Yana fita na kifa kai a tebur na yi kuka mai isata.

Bayan kwana shida ya zo gidanmu da safe zai ɗauki Baba zuwa fili. Ya tarar da ma'aikatan banki biyu, ɗaya yana ɗaukar hoton ƙofa, ɗaya yana auna katanga. Mama tana tsaye riƙe da tsintsiya tana kallonsu, don a ranar ta fara jin labarin.

Bahago ya juyo, ni ya kalla.

"Kin san da wannan kika ce in jira?"

"Na sani..."

"Wato ni baƙo ne."

"Ba haka ba ne, masoyi. Ba na so wata rana ka dube ni ka ga asarar da ka yi."

Ya juya ya shiga mota. Ranar bai je atisaye ba, kuma bai ɗauki wayata ba.

Washegari da hantsi sai ga shi tare da Inna. Suka zauna a falo, Bahago ya ajiye takardu a gaban Baba.

"Koci, na sallami dillalin. Na kira mutanen kulob ɗin wajen nan da kaina, na ce in suna so na, su zo su yi ciniki da kulob ɗina."

Baba ya tura takardun gefe. "Ban yarda ba. Ba zan bari a ce na ci kuɗin maraya, na kuma haɗa masa da 'yata ba. Bashina ne, ni zan ji da shi."

Inna ta gyara zama. "Malam Koci, ranar da ka kai yaron nan asibiti da karyayyar ƙafa, ka kwana uku a kan benci, ka nemi izinina?"

"Wannan daban ne, Inna."

"To ni ma yau ban zo neman izininka ba. Shekara nawa ina tara bokiti? Ƙarin shekara ɗaya ba zai kashe ni ba."

Baba ya sunkuyar da kai. Bahago ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ba taimako nake yi ba. Shekara goma sha biyu kana aiki a kan ƙafar nan. Ba na so in fita ta bayan gida kamar wanda ba shi da asali. Ina so a ce kulob ɗinmu ya sayar da ɗan wasa, kuma da tsada."

Wannan ne karo na farko da ya kira shi Baba. Mama ta tashi ta shige ɗaki tana share ido.

"Sharaɗina ɗaya," in ji Bahago. "A fara biyan yara albashinsu, da mai gyaran fili da mai wankin riguna, sannan banki."

Baba ya juyo gare ni. "Ke, ɗauko biro."

Ni na zauna a teburin ciniki. Mutanen suka taya, na ce albarka. Suka ƙara, na buɗe musu lissafin ƙwallayensa na kakar wasa uku, na ce su sake dubawa. Bahago yana gefe yana danne dariya. Sai da muka kwashe yini biyu, na kuma sa aka rubuta cewa in sun sake sayar da shi, kulob ɗinmu yana da kashi goma cikin ɗari.

Da muka fito ya raɗa min, "Ashe haka nake da daraja a wurinki?"

"Ai rangwame na yi musu."

"Amma kada ki sake ɓoye min komai."

"Na yi alkawari."

Ranar biyan albashi, mai wankin riguna ta ƙirga kuɗinta sau biyu, ta rungume ni. Baba ya karɓo takardar gida ya miƙa wa Mama da hannu biyu, ya ba ta haƙuri a gabanmu.

A wasansa na ƙarshe Bahago ya ci biyu. Saura minti biyar a tashi Baba ya canja shi, fili gaba ɗaya ya miƙe tsaye. Ina kallon Inna a cikin jama'a tana nuna shi tana cewa, "Nawa ne, ni na haife shi!"

Bayan mako uku muka yi aure. Sai da na koya wa sabon akawu aiki sannan na bi mijina. Ginin sabon gidan Inna ya ɗauki wata goma sha huɗu, daga albashinsa muka yi shi, ɗaki bayan ɗaki.

Yanzu duk ranar da aka yi wasa, Baba yakan kira shi.

"Na ga ƙwallon. Amma ƙafar damarka har yanzu da saura."

"To Baba, zan gyara."

Sai Mama ta karɓi wayar ta rage murya. "Rabu da shi, ɗana. Sau goma ya kalli ƙwallon nan, har maƙwabta ya tara."