Kwale-kwalen da Ya Ƙi Fita Daga Mazubi

Sabon kwale-kwalen ya ƙi fita daga mazubin da aka ƙera shi a ciki. Ma'aikata suka ja, suka bubbuga, sai ji kake ƙaras, mazubin ya tsage gida biyu. Aka kira ɗan sanda. Kafin Sajan ɗin ya gama shigowa, Hajiya mai masana'antar ta nuna wani tsoho da yatsa.

"Shi ne! Aikinsa shafa kaki a mazubi kafin a shimfiɗa zaren gilashi a kwarara ƙaro. In babu kaki, komai mannewa yake. Ku tafi da shi!"

Tsohon ya dubi Sajan. "Wallahi na shafa, ɗana. Sai da na gama tas muka fita cin abinci."

Sajan ya durƙusa ya shafa ɓarin mazubin. Gefe sulɓi, tsakiya kuwa garau babu kaki, ga warin tina, ruwan nan mai narkar da kaki. Kai, daɗi ya kama shi, irin aikin da yake so ke nan! Da gangan aka goge kakin.

Ya tsare mai yankan zare da mai danne zaren da rola da tambayoyi. Tare suka ci abinci, mai abincin ta shaida.

"Zaren da kuka yanka, ina kuka bar shi?"

"Rataye a bakin mazubin, yallaɓai, kamar kullum."

"Ba ya muku ƙaiƙayi?"

"Mu da muke barbaɗa hoda, mu wanke da ruwan sanyi? Baƙo dai yake ci."

Sajan ya waiwaya. A bakin ƙofa ga ƙanin mijin Hajiya, masassaƙin jiragen katako, wai ya zo jaje. Sai goga hannu yake a jikin ƙyaure.

"Malam, ka shigo nan yau?"

"Ni? Cikin warin nan? Allah ya sawwaƙe!"

"Naɗe hannun rigarka."

Har gwiwar hannu fatar ta yi jawur, tana ƙyalli da burbushin zaren gilashi.

"Yauwa!" Sajan ya tafa. "Tsakiyar mazubi ba ta taɓuwa sai ka kwanta a kan zaren. Ma'aikaci zai ɗauke shi tukuna, kai ba ka sani ba."

Masassaƙin ya sunkuyar da kai, ya ce da Hajiya, "Masunta duk sun guje ni, Yaya. Duk sun dawo wajenki."

Kunya ta rufe Hajiya. Ta matsa kusa da tsohon. "Baba, don Allah..."

Tsohon ya ajiye mata gwangwanin kakin a gabanta.

"Tun kina amarya nake aiki a nan, Hajiya. Ɗan sanda ya tambaye ni, ke ba ki tambaye ni ba."

Ya zura takalminsa ya fita.