Inda Zafin Na'urar Bunu Ya Koma

Wanda ya san Bunu tun farko ya san mutum ne mai fara'a da zafin nema, sai dai ba ya son a ce masa jira. Kakansa ya zo daga Borno ya kafa gona a gefen Dawakin Tofa, shi kuwa ya ajiye fartanya ya kama sana'ar raba intanet ga makarantu da masu shaguna.

Na'urar da ke raba layukan, wadda ake kira suwic, ba ta da fanka. A bakinta ake cusa wasu ƙananan ƙarafuna kamar ɗan yatsa, masu karɓar wayar jan ƙarfe. Da bazara ta kama, rana ta bugi kwanon shagonsa, sai ƙarafunan su yi zafin da ba a iya taɓawa, layi ya ɗauke, masu ƙorafi su yi ta kira.

Wani injiniya mai suna Fa'izu ya duba ya ce, "Malam Bunu, ka cika mata baki. Cire rabi ka bar tazara, ko ka tara ka koma wayar faiba mai aiki da haske, ita ba ta zafi haka."

"In cire rabi, na kori rabin mutanena ke nan."

"To ka bi a hankali."

Bai bi ba. Wata Laraba da hantsi ya ratsa gonakin da aka share ana jiran ruwa, ya nufi wani boka da ke zaune a kogon kuka wajen Bagwai. Ciki duhu, ga ƙahonin raguna a rataye, ga baƙar tukunya da jini ya bushe a bakinta. Kamar yadda aka gaya masa, ya zo da ƙarfe ɗaya daga bakin na'urar da ruwan randar gidansa.

Boka ya jefa ƙarfen cikin ruwan, ya yanka jan zakara a kai.

"Zafi ba ya mutuwa," in ji shi. "Ƙaura yake yi."

"Ina zai koma?"

"Ka zo neman arziki ne ko tambaya?"

Boka ya miƙo masa ƙarfen. "Ka amince?"

"Na amince."

Tun daga ranar na'urar ta yi sanyi kamar gindin tulu. Ya cika bakinta, ya ƙara wasu, layinsa ya kai har Ungogo. Kafin shekara ya sayi mota, ya rushe gidan ƙasa ya gina na bulo. Matarsa Falta ta yi ta hamdala, ba ta san komai ba.

Bazara na dawowa, 'yarsu ɗaya tilo, Nuriyya, mai shekara bakwai, ta fara zazzaɓi. Zazzaɓin yakan taso da azahar, ya sauka da magariba. Asibiti suka auna jini, ba su ga komai ba. Bunu ne ya lura: duk lokacin da layi ya cika da mutane, jikinta ya fi zafi.

Ya je ya kashe na'urar. Kafin la'asar Nuriyya ta tashi zaune ta ce, "Baba, zan sha fura." Ya zauna yana kallonta tana sha, hawaye na zuba.

Washegari wata cibiyar rajistar jarrabawa ta kira shi. Aikin kwana uku, aikin da ya daɗe yana nema. Ya jima tsaye gaban na'urar. Ya ce wa kansa yarinya ta samu ƙarfi, kwana uku ba za su yi komai ba. Ya kunna.

A rana ta biyu Nuriyya ta cika a cinyar uwarta. Matan da suka yi mata wanka sun ce har aka naɗe ta a likkafani jikin bai huce ba.

Da aka share makoki Bunu ya kasa riƙewa, ya gaya wa Falta komai. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki mafici ta zauna gaban tabarmar yarinyar tana fifita, tana cewa, "Sannu, Nuri, yanzu zai sauka." Har yau abin da take yi ke nan a gidan iyayenta.

Bunu ya banka wa shagon wuta da hannunsa. Yanzu yana wuni bakin maƙabarta, ba ya amsa sallamar kowa.

Kai mai gaggawar arziki, ji da kyau. Boka bai taɓa ba da abin hannunsa ba. Daga cikin gidanka yake ɗauka, kuma ba zai ɗauki wanda za ka iya rayuwa ba tare da shi ba. Allah Ya raba mu da kwaɗayi.