Aikin da Mustafa Ya Bari

A wani shagon gyaran kwamfuta da ke Mandawari Umair ya fara ganin Sa'ida. Ta shigo rungume da wata tsohuwar kwamfuta, ta ajiye a hankali.

"Malam, ta ƙi tashi. Don Allah kada a goge komai. Ta yayana ce, Mustafa. Ya rasu bara."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Umair.

Da ya sake mata batir ta tashi, sai ga wani aiki a buɗe. Umair gyara yake yi don ya ci abinci, amma rubuta manhaja ne abin da yake so. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai na ninka manyan lambobi ne."

"Shi ne. Ya koya min kaɗan kafin ya kwanta ciwo. So nake in ƙarasa masa."

Kwamfuta ba ta da wayon da ake zuzutawa. Gurbin da take ajiye lamba ƙarami ne, in lamba ta fi shi tsawo sai ta zube. Shi ya sa Mustafa ya tsara a yanka doguwar lamba gunduwa-gunduwa, a ninka ɗaya bayan ɗaya kamar lissafin firamare, abin da ya yi rara a kai shi gurbi na gaba.

Tun daga ranar, duk Asabar Umair yana zauren gidansu a Dala, ana aiki ana hira. Soyayya ta shiga ba sallama.

"Malamata, yau na ninka lamba mai tsawon titin Mandawari, duk da haka ba ta kai kewarki ba," ya rubuta mata.

"Daɗin baki dai, Injiniya. Ka ci abinci?"

Mahaifinta, Malam Isyaku, maɗinkin babbar riga ne. Tun rasuwar ɗansa ba ya son ganin kwamfutar nan. Ya fi son ta auri Ɗalha, ɗan maƙwabcinsa mai shagon atamfa.

Wata Asabar suka gwada aikin da lambobi masu tara-tara zalla. Amsa ta fito ba daidai ba, kan lambar ya ɓace. Umair ya bi layi-layi har ya gano.

"Nan ne. Mustafa bai bar wa rarar ƙarshe gurbi ba. Kuskure ya yi."

Haka ya faɗa, gatsau. Sa'ida ta rufe kwamfutar.

"Yana kabari kake tona masa asiri? A zauren ubansa?"

Ɗalha yana dakalin ƙofar gida, ya ji. Kafin magariba ya kai wa Malam cewa saurayin nan yana zagin mamaci. Malam ya aika wa Umair kada ya ƙara taka masa zaure.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Malamata, bakina ne ba shi da ladabi. Wallahi ban ga aikin da ya kai na yayanki tsabta ba."

"Ko zagi ne ki turo min, in san kina lafiya."

Ba ta amsa ba. Ta rame, shi ma ya rame.

Rannan da hantsi ta buɗe kwamfutar don ta ƙaryata shi. Ta gwada da kanta, ta ga gaskiyarsa ce. Sai ta tuna lokacin da aka rubuta wurin. Makon ƙarshe ne, Mustafa yana jingine da matashi, yana ce mata bari dai ya gama wannan sannan ya sha magani. Ta kifa kai ta yi kuka mai sauti.

Malam ya leƙo daga ɗakin ɗinkinsa. Ta faɗa masa komai.

Ya zauna kusa da ita. Can ya ce, "Ranar da mahaifina ya rasu, ya bar riga rabi a hannu. Askar ƙarshe ta adon gaban rigar ta karkace, don idonsa ya riga ya tafi. Ni na warware ta ina hawaye, na sake ɗinkawa, kada a sa rigar a ce aikinsa ke nan." Ya share ido da bakin hannun riga. "Kira min yaron."

Umair ya zo ya durƙusa. "Baba, a yafe min."

"Bakinka da kaifi, amma ba ka yi ƙarya ba. Ku gyara wa ɗana aikinsa."

Umair ya tura mata kwamfutar. "Ke za ki sa, Malamata. Gurbi ɗaya kawai za ki ƙara."

Ta ƙara. Amsa ta fito cif.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa, ango yana sanye da rigar da Malam ya ɗinka masa da hannunsa. Aikin kuwa sun sake shi kyauta da sunan Mustafa, duk mai buƙata ya ɗauka.

Da za a kai amarya, Malam ya dafa kanta. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Ladan wancan aikin kuma Allah ya kai wa yayanki kabarinsa."

Sa'ida ta ce amin.