Tabon da Umair Ya Zana wa Kansa

Iya Yahanasu na tsince wake a tsakar gidanta na Wurma sai wani jikanta ya kawo mata waya, wai ta ga saurayin Hadiyya. Daga wannan kallo baikon da ake shirin yi ya tsaya cak.

Bidiyon wasan kwaikwayo ne na ɗaliban jami'a a Dutsin-Ma. Umair, saurayin Hadiyyar, ya fito a mugun mariƙin maraya. Duk zaluncin da ya yi, sai tabon ƙuna ya ƙara cin fuskarsa, har a ƙarshe ba sauran alamar mutum sai ido guda.

Hadiyya, wadda Iya ta raina tun tana goye, ta yi kuka har murya ta dushe.

"Iya, dirama ce fa. Ƙaro ne da gawayi aka shafa masa!"

"Ke 'yar boko, ni ma na san dirama, ba a daji aka haife ni ba," in ji Iya. "Ƙaro ya wanku. Amma wanda ya iya mugunta haka tsaf, a ina ya koyo ta?"

Abin da ya fi damun Hadiyya, ita ma tambayar ta fara yi mata yawo a zuci. Kawunnanta kuwa, masu gemu da rawani, kowa ya ce shi bai iya ja da tsohuwa.

Duk Juma'a Umair kan hau babur ya zo gaisuwa, Iya ta amsa masa ta bayan labule kamar mai korar akuya. Hadiyya ta rame, ta ce ko su haƙura da juna. Ya ce shi dai gaisuwa ba zai fasa ba.

Ana cikin damina Iya ta gaji, ta ɗaga labulen, ta tambaye shi ido da ido inda ya koyi muguntar.

Umair ya sunkuyar da kai. "Ban koya ba, Iya, yi mini aka yi. Marayan nan na cikin wasan, labarina ne. Wanda ya riƙe ni fuskarsa sumul take, kowa na gaishe shi a masallaci. Shi ya sa na zana masa tabon, don ko sau ɗaya mutane su ga abin da na gani."

Hadiyya na bayan ƙofa, hawaye na zuba. Iya ta dube shi, sannan ta juya wajenta.

"Ke, kina tsaye kamar turmi? Dama wa mijinki fura."

A wasa ne kawai ake zana wa mugu tabo don a gane shi. A zahiri sai an yi haƙuri an zauna da mutum, an ga yadda ya yi da zafin da aka ɗora masa.