Tsohuwar Butar Shohista

A wata unguwa ta bayan kasuwar Margilan, Inna Holida ta wuni tana shara da goge-goge a ƙarƙashin rumfar inabi, domin 'yarta Shohista ta samu manemi, Sanjar, kuma ranar ce mahaifiyarsa za ta zo ganinta.

Shohista ta rasa ganinta tun tana ƙarama, amma ba ta zauna a ɗaka ba. Kullum takan ɗauki farar sandarta ta shiga motar haya zuwa inda makafi ke ɗinka katifu. A can ta haɗu da Sanjar, mai kawo musu auduga, wanda ya fara da tsokanarta, ya ƙare da cewa in ba ita ba sai rijiya.

Mahaifiyarsa, Goggo Mastura, ba ta so ba. Ta ce ita surukar da za ta zuba mata shayi take nema, ba wadda za ta riƙe wa hannu ba. Da ƙyar ta yarda ta zo, ɗauke da gurasa a ƙulle cikin kyalle, wadda ake gutsurawa in magana ta ƙullu.

A al'adar garin dai, shayin baƙo kaɗan ake zubawa a ƙasan ƙoƙo, don ya sha ya miƙo a ƙara, hira ta yi tsawo. Cika ƙoƙo kuwa kora ce: sha ka kama gabanka. Shohista da kunne take zubawa. Ta san nauyin tsohuwar butarsu mai tsagaggen murfi, ta san ƙarar da ƙoƙon ke yi in ya kai inda ya kamata.

To, son a fita kunya ya sa Inna Holida ta buɗe akwati ta fito da sabuwar buta da ƙananan ƙoƙuna na manyan baƙi, ta ɓoye tsofaffin. Cikin rawar jiki ta manta ba ta faɗa wa 'yarta ba.

Shohista ta durƙusa ta gaishe da baƙuwa, ta ɗaga buta ta ji baƙon nauyi a hannunta. Kunya ta hana ta tambaya. Bakin butar mai faɗi ne, kafin ta ankara ƙoƙo ya cika fal. Ta miƙa shi, hannun hagu a ƙirji.

Goggo Mastura ta daɗe tana kallon ƙoƙon. Sai ta ajiye shi ba ta kurɓa ba.

"Mun ji saƙo, 'yar nan. Ba sai an faɗa da baki ba."

Ta ɗauki gurasarta a ƙulle yadda ta zo da ita, ta fita.

Inna Holida ta yi ta kuka tana cewa ita ta cuci 'yarta. Washegari Sanjar ya zo ransa a ɓace, ya ce ko da yardar uwarsa ko babu, auren nan sai an yi. Shohista ta ce ita ba za ta shiga gidan da aka buɗe da hawayen uwa ba, ya yi haƙuri. Da Inna ta ɗauki mayafi za ta je ba da haƙuri, sai Shohista ta riƙe mata hannu.

"Inna, in kika je a madadina, abin da take tsoro kika tabbatar mata. Ni zan je."

Ta ce wa Sanjar ya kwatanta mata gidansu. Ya ce ai ba ɓata, shuɗiyar ƙofa ce.

"Madalla da mai kwatance! Sai in ɗanɗana ƙofofin unguwarku in ji wadda ta yi shuɗi?"

Ya yi dariyar kunya, ya sake: in ta sauka daga mota ta bi ƙamshin tanderun mai gurasa, rariya na hagunta, ƙofar da ke da dakali bayan bishiyar da ta tokare hanya.

Ta bari sai da zukata suka huce. Ran wata Juma'a da hantsi ta naɗe tsohuwar buta da ƙoƙonta a ɗankwali, ta ɗauki sandarta. Goggo Mastura na shara ta ji ƙwanƙwasa. Da ta buɗe, sai ta leƙa bayan yarinyar.

"Wa ya kawo ki?"

"Sandata, Goggo. Na zo biyan bashin shayi, in za a ba ni ruwan zafi."

Goggo ta yi kamar ta ƙi, amma ba a mayar da baƙo daga bakin ƙofa. Suka zauna a kan shimfiɗa. Shohista ta juya shayin cikin buta kamar yadda aka saba, ta karkata kai tana saurare, ta zuba ɗan kaɗan ta miƙa. Sannan ta faɗi abin da ya faru ranar, ba tare da ɗora wa kowa laifi ba. Ta ce abu guda take roƙo a kowane gida: in an gusar da kaya, a faɗa mata.

Goggo ta shanye ta miƙo. Aka ƙara, ta sake miƙowa. Har azahar suna hira.

Sanjar ya shigo ya tsaya turus, ya watsar da takalmansa a tsakiyar hanya kamar kullum.

"Kai, sakarai, kwashe su!" in ji Goggo. "Daga yau komai na gidan nan yana da mazauni. Ka je ka sayo gurasa mai zafi, da yamma za mu gidan Holida."

A yammacin aka gutsura gurasa, kowa ya ci nasa rabo, Inna Holida kuwa ta mayar da sabuwar buta akwati.

Ashe mai rashin gani ba tausayi ya fi buƙata ba. A faɗa masa gaskiyar abin da ke gabansa, a bar shi ya taka da ƙafarsa. Mai haƙuri kuma, ko an mayar masa da ƙoƙo yau, gobe shi za a miƙo wa a ce ya ƙara.