Mai Tsani da Sakata

Ranar da ya fara ganinta, ƙarya ya je yi mata. Ya sa rigar masu gyaran wuta, tsani a kafaɗa, ya wuce masu gadi biyu babu wanda ya ce masa uffan. Sai a teburin karɓar baƙi ta ɗago kai.

"Malam, wa ya kira ka?"

"Manaja."

"To ajiye tsanin, in tambaye shi."

Dole ya zaro takardar izini. Aikinsa ke nan: kamfani ya ɗauko shi ya gwada kutsawa ofis da kwamfutoci, ya nuna ɓaraka kafin ɓarayin gaske su gano ta. A rahotonsa ya rubuta cewa duk ginin ƙofa ɗaya ce a kulle, ita ce yarinyar nan.

Tun daga nan take ce masa Mai Tsani, shi kuma Sakata.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, mai walda ne, ya ce atafau. "Shekara talatin ina ƙera ƙofa, sai in ba mai ɓalle ta 'yata?" Ga kuma ƙanen manaja yana ta zarya wajenta da mota.

Wata safiya saƙonta ya shigo: "Mai Tsanina, Baba na nemanka a shago. Don Allah ka bar dabara a gida."

Da ya isa, tsohon ya turo masa waya a kan benci.

"Tata ce. Buɗe mu ga abin da mai motar nan yake rubuto mata."

Abin da ya fi wata yana ci masa rai ke nan, kuma aikin bai fi ƙarfinsa ba.

"Baba, ba na taɓa abin da mai shi bai ba ni izini ba."

"Ni na haife ta."

"Haka ne. Wayar dai tata ce."

"To tashi ka ba ni wuri."

Ya miƙe. Ya kai bakin ƙofa, tsohon ya ce, "Dawo. Jiya na miƙa wa wancan, kafin in rufe baki yana tambayata shekarar haihuwarta don ya gwada buɗewa. Turo manyanka."

Da aka ɗaura aure, tsohon da kansa ya ƙera musu ƙofar gida, ya sa musu albarka, ya danƙa makullin a hannun 'yarsa.

Ango ya ƙwanƙwasa. Daga ciki aka ce, "Malam, wa ya kira ka?"

"Ke, Sakatata."

Ta buɗe.